Amsar mai tambaya kan motar famfon kankare (an kwafo daga murya)

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanwata, na saurari saƙonki. Kin ce a labarin da kike rubutawa akwai mai tuƙa motar famfon kankare, kina so motar ta fashe a wurin gini ta kashe mutum, shi ne kike tambayar me ke sa ta fashe. Ni dai yadda na fahimta, ba fashewar ce ta dame ki ba. So kike a yi mutuwar da za a ɗora wa bawan Allahn nan, shi kuma abin ya tsaya masa a rai. In haka ne, ki ajiye zancen fashewa. Motar nan ba tankar mai ba ce, duk wanda ya taɓa aiki da ita yana karanta haka zai rufe littafin.

Kuma don Allah a daina haɗa ta da miksa. Miksa ita ce mai tulun nan da ke juyawa, kawowa kawai take yi. Ta yi ribas, ta juye kankaren a kwandon da ke bayan motar famfo. A ƙarƙashin kwandon akwai silinda biyu, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa, sannan wani lanƙwasasshen bututu yana lilo tsakaninsu. Shi ne ƙarar nan da ake ji, gum, gum, gum, har ƙasa na amsawa. Ki sa ƙarar nan a labarinki, domin da kunne ofareta, wato mai sarrafa motar, ke aiki. Sauti na canzawa, gabansa zai faɗi tun kowa bai lura ba. Daga nan kankare ya bi hannun motar, mai gaɓa huɗu ko biyar, wani mita 36, wani ya haura 50. Faɗin bututun milimita 125 ne, kuma kowace mita ɗaya in ta cika tana ɗauke da kusan kilo 30. A can ƙarshe tiyon roba ne, mita uku zuwa huɗu, lebura na riƙe da shi. Shi ofareta ba ya cikin mota ma, yana saman gini da rimot rataye a ƙugunsa.

To wannan mai riƙe da tiyon, shi za ki zuba wa ido. Abin da ya fi cin mutane a aikin nan iska ce. Eh, iska. Kankare ba ya matsuwa, ita kuwa tana matsuwa. A ce miksa ta makara an tsaya jira, kankaren da ke gangaren hannun ya zube ya bar gurbi. Ko kuma yaron da ke kula da kwando ya shagala, kwandon ya yi ƙasa, famfo ya zuƙi iska. Sai aka yi rashin sa'a gaba ya ɗan toshe. Famfon nan yana iya turawa da ƙarfin bar 85, bar ɗin ma'aunin matsi ne, tayar ƙaramar mota kuwa bar biyu da ɗoriya ake ba ta, kin ga tazarar. Iskar ta matsu, ta matsu, toshiyar na saki sai tiyon ya yi bulala, tsakuwa ta yi feshi. Mutum yana saman dakin, wato rufin benen da ake zubawa, a tsakiyar rodi, ina zai gudu? Shi ya sa doka ita ce duk sanda za a tayar da famfo, ko bayan tsayawa ne, kowa ya ja baya daga inda tiyo zai iya kaiwa sai kankare ya fara fita sumul. Kuma ba a ɗaura wani ƙarfe a bakin tiyon.

Amma wa ke bari a ja baya? Nan ne raina ke ɓaci. Akwai wani wurin aiki da na yi, foman ɗin ba ya son ganin mutum a tsaye. Miksa uku sun yi layi, kankare ya fara ƙarfi a cikin tulu, shi kuma ihu kawai yake, a zuba, a zuba. Da ya ga ya yi tauri sai ya ce a ƙara ruwa. Na ce ranka ya daɗe, ruwan nan zai raba tsakuwa da siminti, tsakuwar za ta taru a gwiwar bututu ta toshe. Ya ce ni direba ne, in tsaya a matsayina. Aka ƙara, ya toshe. Kafin in sauko wani yaro ya riga ya ɗora guduma a kan maɗaurin bututu zai buɗe, alhali akwai matsi a ciki. Na daka masa tsawar da har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Ai sai ka fara mayar da famfo baya ya sassauta, sannan ka bi bututun kana ƙwanƙwasawa, inda sautin ya mutu nan toshiyar take. Kuma wallahi da yaron nan ya ji ciwo, sunana za a rubuta a takarda, ba na foman ba. Har gobe abin nan na ci mini rai, mutum bai taɓa riƙe rimot ba amma... to shi ke nan, a bar shi.

Af, bari in koma baya kaɗan. Da na ce ba ta fashewa, motar nake nufi. Bututu kam yana tsagewa, don yashi da tsakuwa na cin sa ta ciki har ya yi siriri, musamman a gwiwa, shi ya sa ake auna kaurinsa.

In kuwa abin da zai hana jaruminki barci kike nema, wayar wutar lantarki ce. A Amurka ƙa'idar masu aikin ƙafa 20 ce tsakanin hannun mota da babbar waya, wato kamar mita 6, domin wuta tana iya tsallakowa ko ba a taɓa ba. Idonsa na kan tiyo a ƙasa, hannun na juyawa a sama. Wutar ta bi ƙarfe, ta bi jiƙaƙƙen kankare, ta sauka a jikin mai riƙe da tiyo da duk wanda ya jingina da motar. Shi mai rimot mara waya ko ƙwarzane babu, yana tsaye yana kallo, kuma yatsansa ne ya yi.

Kifewar mota kuma daga ƙafafun da ke tokare ta take. Ƙafa huɗu ake miƙewa a ɗora kan katako masu kauri. Wuri ya yi ƙunci aka ƙi miƙe ɗaya har ƙarshe, ko aka dasa ta kan tsohon rami da aka cike, hannu na juyowa ta wannan gefen sai ƙasa ta lotsa. In akwai haƙa a kusa, gwargwadon zurfinta gwargwadon nisan da za ka ba ta.

Sunan mota kuwa, ki sa Putzmeister ko Schwing, duk na Jamus ne, ko Sany ta Sin wadda ta sayi Putzmeister a 2012. Famfunan Putzmeister ne suka tura kankare sama da mita 600 a ginin Burj Khalifa na Dubai, sai dai waɗancan girkakku ne, ba na kan mota ba. 

Ki faɗa mini, wanda zai rasu ɗin mene ne tsakaninsa da ofaretan, yaronsa ne ko baƙon lebura? Sai in san wanne zan faɗaɗa miki. Ban ma taɓo wankin bututu da ƙwallon soso ba, shi ma yana cin mutane, amma muryar ta yi tsawo.