Ɗana, dakata kafin ka goge vCenter ɗin nan karo na huɗu

Ɗana na ga saƙonka bayan na dawo daga sallar isha'i. Ka ce vCenter 7 ɗin, manhajar VMware mai kula da sabobi daga wuri ɗaya, da na tura ka ka saka a reshen mutanen nan na Asokwa nan Kumasi mataki na farko ya wuce lafiya lau, amma da ka shiga mataki na biyu ka zaɓi haɗa shi da SSO (Single Sign-On) ɗin hedkwatarsu ta Ankara sai ya tsaya ya ce ya kasa samun Single Sign-On, ka goge ka sake har sau uku magana ɗaya yake ta maimaitawa, shine kake tambaya wai Maigida ko fayil ɗin girkawa na ISO ne ya lalace in sauke wani. Toh kar ka ƙona datarka a banza, ni ban zargi ISO ɗin ba tunda har ya kai ka mataki na biyu. Kuma dan Allah ka cire hannunka daga gogewar nan tukuna, akwai dalili, zan zo kansa.

Ka fara gane waye SSO ɗin nan. Tun vSphere 5.1 da ya fito a 2012 aka kawo shi, ka ɗauke shi kamar maigadin babban gida, duk wanda zai shiga sai ya faɗi sunansa, maigadi ya duba in ya san shi sannan ya ba shi ɗan kati mai lokaci a jiki, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. A gefensa akwai Lookup Service wanda shine littafin da kowane ɓangare na vCenter yake rubuta adireshinsa a ciki. Sabon vCenter ɗinka baƙo ne ya zo yana sallama. In aka ce maka ya kasa samun SSO ba wai maigadin ne ba shi da lafiya ba, a shekarun da na yi ina wannan aiki yawanci baƙon ne bai san sunan gidan ba, ko ya sani amma agogonsa da na maigadi sun saɓa.

Fara da suna. Ka buɗe laftof ɗin da kake gudanar da instola a kanta ka buga nslookup da cikakken sunan vCenter na Ankara, cikakke fa har da domen ɗin, ka ga ko zai dawo maka da IP ɗin da ya dace. Sannan ka juya, ka buga nslookup da IP ɗin ka ga ko zai dawo maka da sunan. Wannan na biyun shine wanda yara suke tsallakewa kullum, suna saka A rekod mai kai suna zuwa IP su manta da PTR mai dawo da IP zuwa suna, kuma vCenter yana son duka biyun, tafiya da dawowa. Ka yi haka wa na Ankara, ka yi wa sabon naka na Kumasi shima, kuma kar ka tsaya a laftof kaɗai, shiga cikin aflayans ɗin kansa, wato na'urar vCenter ɗin da mataki na farko ya girka, ta SSH ka sake gwadawa daga can domin shine zai yi maganar ba kai ba. Akwai abin da na lura da shi a wurinka ranar da muka je aiki Adum, ka saka waya a laftof ka shiga netwok ɗin ofis amma hotspot ɗin wayarka na kunne kana sauke abu, toh in laftof ta ɗauki DNS na kamfanin waya ko 8.8.8.8 ta yaya Google zai san sunan sabar da ke cikin ɗakin mutane a Ankara? Kashe hotspot ɗin gaba ɗaya kafin ka gwada komai.

Sunan kuma ka rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, kuma ka rubuta irin wanda aka saka wa na Ankara ranar da aka girka shi. Dalili shine sunan nan an buga shi a cikin satifiket ɗinsa, in shi an girka shi da suna kai kuma ka je masa da IP ko da guntun suna ba domen, kamar ka je banki da Ghana Card mai suna ɗaya fom ɗinka kuma da wani suna ne, mai kanta ba zai saurare ka ba ko da ya san fuskarka.

Sai agogo, kuma a nan ne zuciyata ta fi kwanciya game da matsalarka saboda na san sabar da suka saya, tsohuwa ce ta hannu. Katin da SSO yake bayarwa yana da haƙuri na minti 10 ne kawai in ba a canza saitin ba, in kuma akwai Active Directory a ciki toh Kerberos minti 5 yake ɗauka. Sabon aflayans in ba ka ba shi NTP ba, wato sabar da ke daidaita agogo, agogon ESXi, hos ɗin da yake zaune a kai, zai bi, shi kuma ESXi in ya tashi agogon madabod yake karantawa. Na taɓa kwana biyu a wani ofis nan Kumasi a kan irin wannan, lokacin da dumsor ya yi tsanani, wuta ta ɗauke UPS ya ƙare saba ta mutu, da ta tashi ashe ɗan batirin nan na madabod mai kama da kwabo, CR2032, ya riga ya mutu, agogo ya koma baya da shekaru. Komai na aiki, fanka na juyawa, fitilu kore, ping na tafiya yana dawowa, amma SSO ya ƙi, saboda a idon sabuwar na'urar satifiket ɗin ɗayan lokacinsa bai ma fara ba. Sai da na buga date na ga shekarar da ta fito na riƙe baki. Batirin kuɗinsa bai kai na waakye na rana ba.

Mu nan Gana Allah ya sauƙaƙe mana wannan binciken, ESXi da UTC yake aiki, mu kuma lokacinmu GMT ne duk shekara ba a matsarwa, layin Greenwich ɗin ma ta Tema ya ratsa. Kenan in ka shiga hos ɗin ka buga esxcli system time get abin da ya fito dole ya yi daidai da agogon wayarka, ba sai ka ƙara ko ka rage awa ba kamar 'yan uwanmu na Kano da suke gaba da awa ɗaya. Ka duba na Kumasi, ka sa yaron ofis ɗinsu na Ankara ya duba nasu a lokaci guda kuna kan waya. Kuma kar ka gyara da hannu ka ce shikenan, gobe zai sake zamewa, ka nuna musu sabar NTP ɗaya dukkansu, hos da aflayans da domen kontrola, ka tabbatar ƙofa ta 123 ta UDP a buɗe take.

In suna ya yi daidai agogo ya yi daidai, sai ka duba hanya. Tsakanin Kumasi da Ankara VPN ne da fayawol biyu, kuma ping ba hujja ba ce. Daga cikin aflayans ka gwada ƙofa ta 443, ka gwada 389 wadda ta nan kundin SSO ɗin biyu suke kwafar juna, da 636. curl -vk da adireshin ya ishe ka ganin 443, zai ma nuna maka kwanan watan satifiket ɗin, daga laftof kuma Test-NetConnection a PowerShell. In ka ga wani tsohon bayani yana ce maka 7444 toh wannan zamanin 5.1 da 5.5 ne da muke sakawa a kan Windows, daga 6.0 Lookup Service ya koma bayan 443, a 7 kuwa da ya fito 2020 babu ma vCenter na Windows sam.

Fasuwod ba zan daɗe a kansa ba. administrator@vsphere.local ne ake nema ko duk sunan domen ɗin SSO da suka zaɓa, ba root ba, ba kuma admin ɗin Windows ɗinsu ba. Ka buɗe burauza ka shiga na Ankara da shi tukuna, in ka shiga ka san daidai ne. In ma can ɗin ya ƙi kowa toh ka kira ni nan take, yana iya zama satifiket ɗin STS ɗinsu, wanda SSO yake sa wa katin nan hannu da shi, ne ya ƙare, a wasu sigogin 6.5 shekara 2 kacal yake yi kuma ba ya nunawa a burauza, wanda aka ɗaga daga can zai iya tahowa da shi. Ka kuma tambaye su lambar sigar nasu, biyun su zama iri ɗaya.

Yanzu dalilin da na ce ka daina gogewa. Duk sanda mataki na biyu ya yi nisa kafin ya faɗi, yana iya barin sunan sabon vCenter ɗin a cikin kundin na Ankara, kai ka goge naka a nan amma can sawunsa na nan, in ka dawo da suna ɗaya sai ya tarar da gawarsa a rubuce. Ana cire shi da cmsso-util unregister, amma wannan ba kai kaɗai za ka yi ba, na'urar da mutane suke cin abinci da ita ce, sai mun kashe ta mun ɗauki snapshot, wato hoton halin da take ciki da za a iya komawa kansa, tukuna, kuma ina zaune kusa da kai. Abu na biyu, gogewar tana tafiya da shaida. Amsar tambayarka tana cikin /var/log/firstboot a cikin aflayans ɗin da ya faɗi, akwai fayil na kowane mataki, ka nemi wanda ya faɗi ka karanta kuskuren farko ba na ƙarshe ba, na ƙarshen ihu ne kawai na waɗanda suka faɗi a bayansa. Wallahi ya yi min zafi da na ji sau uku ka goge ba ka leƙa wurin ba, ba dan ka yi laifi babba ba, sai dan na san kana da kan da za ka gano shi da kanka da ka duba.

In mun zo sakewa, da mataki na farko ya ƙare za mu tsaya mu ɗauki snapshot kafin mu taɓa na biyu, ana iya ci gaba daga burauza ta ƙofa 5480, in ya faɗi mu koma baya cikin minti biyu maimakon jiran awa guda.

Daren nan ka turo min hoton nslookup huɗun nan da lokacin hos ɗin, kar ka kashe aflayans ɗin da ya faɗi. Gobe in Allah ya kai mu bayan asuba ka same ni a shago a Aboabo, ka biya ka sayi CR2032 guda biyu a hanya, mu hau trotro tare zuwa Asokwa kafin ma'aikatansu su fara shigowa.