Amsar tambayarka kan gadon sarautar Ingila ta wajen uwa

Toh jikana, na ga saƙonka tun da hantsi, wai kana tambaya ko da gaske ne a Ingila ɗan mace yana gadon sarauta, kuma mu me ya sa ba ma yin haka. Sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don na tabbata in na ce ka faɗo min sunan kakan babanka yanzun nan sai ka tsaya sosa ƙeya, amma ga ka nan ka duƙufa kana bin salsalar Sarki Charles a waya.

Ni dai da idona na ga uwarsa Sarauniya Elizabeth ta biyu a Kaduna a 1956, lokacin ina yaro, kawuna mai kula da dawakin hakimi ya tafi da ni in riƙa ɗebo ruwa da yankan ciyawa. Hunturu ne, ƙura ta tirniƙe filin sukuwa, ga 'yan lifida ga 'yan sulke ga masu kwalkwali da gashin jimina, kakaki da algaita da tambura kowace masarauta da nata, ka kasa jin maganar na kusa da kai. Sardauna na nan, sarakuna na nan. Da mahaya suka sako dawaki a guje don jafi suka ja linzami daf da rumfa, sai na leƙa ta tsakanin ƙafafun manya in ga wa ake wa wannan abu haka, sai na ga 'yar mace ƙarama ko talatin ba ta cika ba, mijinta dogo yana gefe kuma ba shi ne sarkin ba. Abin ya ɗaure min kai ba kaɗan ba.

Da dare muna jin ɗumi a masauki, wani tsoho cikin zagage ya ce shi fa a faɗa masa 'yar waye, wane gida ne nasu. Akwai wani hedimasta a cikin tawagarmu, shi ya gyara zama ya warware mana, kuma abin da ya faɗa daga baya na karanta na tarar haka yake.

Ya ce tushen wani James ne. Sarki Henry na takwas aure shida ya yi, ba abin da yake nema irin magaji namiji, 'ya'yansa uku duk sun hau gadon amma ko ɗaya bai bar baya ba, ta ƙarshe Elizabeth ta farko ko aure ba ta yi ba har ta rasu a 1603. Sai aka waiwayi zuriyar yayarsa Margaret wadda aka kai aure Sukotlan. Uwar James, wato Sarauniya Mary, da ubansa Darnley duk jikokin Margaret ɗin nan ne, auren zumunci ne. An kashe uban a 1567, aka naɗa James sarkin Sukotlan yana ɗan wata 13, uwar kuma Elizabeth ta sa hannu aka fille mata kai a 1587, amma ƙarshe ɗan wadda aka kashe shi ya gaji wadda ta kashe ta. Tsohon nan ya girgiza kai ya ce sarauta ta Allah ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Bayan James ma haka ta sake faruwa. Babban ɗansa Henry ya rasu yana shekara 18, ƙanensa Charles na farko ya hau aka sare masa kai a 1649, gidan ya yi ta tangal-tangal har kan Sarauniya Anne, baiwar Allah ta yi ciki har 17 ba ɗan da ya rayu ya girma, wanda ya ɗan daɗe ya rasu yana shekara 11. Majalisa ta yi doka a 1701 cewa ɗan Katolika ba zai hau ba, aka tsallake dangi sama da 50, aka je Jamus aka nemo Sophia, 'yar Elizabeth 'yar James. Ita ma Sophia ta riga Anne rasuwa da 'yan makonni, sai ɗanta George ya hau a 1714. Daga shi ne har kan wannan Charles da kake gani.

Kakata takan ce ɗiya mace ba a cewa ta bar gida, reshe ne aka kai dashe. Shi ya sa su a da ba sa wasa da dangin uwa, yaro sai ya haddace kakanninsa na ɗaki biyu kafin ya yi wayo, maroƙi ma in ya tashi wasa mutum ta nan yake bi. Ku yanzu gwaggonku na nan unguwa ɗaya da ku sai Sallah ta zagayo ba ku leƙa ta ba, alhali zumunci a ƙafa yake, wannan yana damuna wallahi.

Maganar me ya sa mu ba ma yi kuwa, ai ba haka aka faro ba ko'ina, Daura magajiyoyi mata suka yi ta mulki kafin a koma kan maza, ka kuma san labarin Amina a Zazzau. Yadda aka yi abin ya juya doguwar magana ce, yatsuna sun gaji da dannawa. Su dai Turawan da kansu sai a 2013 suka gyara doka cewa ƙane namiji ba zai ƙara tsallake yayarsa mace ba, amma ta hana ɗan Katolika hawa gadon tana nan ba su taɓa ta ba.