Me ya sa ake tuna Malam Aminu Kano alhali bai yi gwamna ba?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ake tuna Malam duk 17 ga Afrilu, ranar da ya rasu a 1983, alhali bai taɓa yin gwamna ba. Ai ba kujera ce ta ɗaukaka shi ba. Malamin makaranta ne, ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan kwalejin horar da malamai ta Maru, ya ajiye aikin a 1950 don gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU. Zamanin Gowon ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya, ya sauka bai tara dukiya ba.

Ni abin da ya fi taɓa zuciyata, ƙofarsa a Gwammaja ba ta rufuwa ga mai kuka, kuma ya dage mata su yi ilimi. Gidan nan ne yanzu Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Allah ya jiƙansa.