Akwatin sama da akwatin ƙasa

Amaryata, saƙonki ya iso. Sai da na sa tabarau na bi shi sau da yawa, don babu babban baƙi ko ɗaya a ciki, har a sunana. Wai ko dole ne a fara suna da babban baƙi tunda ajami bai san da shi ba, kuma me ya sa kwamfuta ke ce masa upper case. Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. Jikar mai aikin ɗab'i ce ke wannan tambaya?

Akwati ne fa, na katako. Tun ban yi gemu ba nake tsaye gabansa a wata 'yar maɗaba'a a Zariya. Biyu ne a jingine kan teburi: na sama na manyan baƙaƙe, na ƙasa kusa da hannu na ƙanana, don su aka fi ɗiba. Turawa suka riƙa cewa upper case da lower case, wato na akwatin sama da na akwatin ƙasa, sunan ya bi su har cikin wayarki. Kowane baƙi ɗan ƙarfe ne na dalma da kuza da kwalli, dabarar Gutenberg ta wajen 1450 a Jamus, kuma a juye yake. Rubutun da ya karkace ɗin nan kuwa, mai suna italic, sunan Italiya ya ci, don a birninsu na Banis aka fara buga littafi da shi a 1501.

Wata ranar hunturu, ana gobe za a karɓi katin biki, akuyar maƙwabta ta faɗo mana a guje, yara na bin ta. Ta bangaji teburin, akwatin ƙasa ya kife. Dubban baƙaƙe cikin ƙura! Maigidanmu bai ɗaga murya ba. Ya kunna fitila, ya shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya zauna. Muka kwana tsinta, yatsu sun daskare, a hura kowanne a duba a mayar gidansa. Wahalar tana wajen b da d da p da q, tunda a juye kowanne kamar ɗan'uwansa yake, ga kuma namu masu ƙugiya, ɓ da ɗ, da aka shigo da su boko zamanin su Dokta East, Baturen da ke kula da wallafa littattafan Hausa, gab da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ana kiran assalatu muna kan neman ƙ, don kaɗan gare mu. Na ce a sa k mana, wa zai kula? Maigidanmu ya dube ni ya ce nasa maigidan yakan ce, wanda ya raina ƙugiya zai mayar wa mutum baƙi ya zama baki, kuma shi za a zaga.

Ku yanzu babu tsinta, babu ƙura, dannawa ɗaya ce, amma ita ma ta gagare ku. Laifinmu ne da muka bar ku.

Zancen dole ko ba dole, bari sai kin zo hutu. Ki taho mini da goro, ki gaida uwarki.