Amsa ga mai tambaya kan bikin 14 ga Janairu a jihar Gujarat ta Indiya

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabta sun kawo maka alewar riɗi, sun ce ka hau soro ranar 14 ga Janairu, kai kuma ba ka san me ake ciki ba. Wallahi haka na kasance a shekarata ta farko a Ahmedabad, birni mafi girma a Gujarat.

Bikin kaka ne nasu, Makar Sankranti, a nan Gujarat kuma Uttarayan suke ce masa. Alewar riɗi ce da mazarƙwaila, tamkar kantun gida, ni dai ina ci. Abin da ba na taɓawa shi ne wanda aka ajiye gaban gunki, ka tambaya kafin ka kai baki.

Amma zaren da ake wasa da shi ranar nake so ka ji tsoro. Ranar kowa yana kan soro yana tashin patang, jirgin takarda mai zare. Zaren, manja, garin kwalba ake shafa masa da gam don ya tsinke na abokin hamayya, wanda ya tsinke kuma titi yake faɗowa. Ina kan babur bayan la'asar ya kama ni a ƙarƙashin haɓa. Ban ma ji zafi ba sai da na ga jini ya jiƙa wuyan rigata. Yara suka rugo, na ɗauka taimako ne, ashe jirgin suke bi! Wanda ya fi ƙona min rai mai gidan da nake haya. A gabansa na tayar da babur, bai ce uffan ba. Da na dawo da ɗinki sai yake dariya, wai me ya sa ban ɗaura wayar ƙarfe mai tare zare a gaban babur ba kamar kowa? Ina zan sani? Har na bar gidan gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

'Yan uwanmu na Punjab sun fi mu sauƙi. Nasu Lohri ne, daren 13, wuta suke hurawa suna jefa gyaɗa da gugguru a ciki. A Tamil Nadu kuwa Pongal, kwana huɗu, ana dafa sabuwar shinkafa da madara har tukunya ta tumbatsa, a yi wa shanu kwalliya.

Soron ka hau, ka ci undhiyu, dafaffen haɗin kayan lambu ne, babu nama. Babur dai ka ajiye shi, har ranar 15, don washegari ma ba sa dainawa. Kuma ka yi cefane tun 13, shaguna da yawa ba sa buɗewa.