Me Zan Saya Don Kafa Kanta a Bangon Jifsam?

Wata mai sayar da turare a Abuja ta rubuto cewa shagon da ta kama haya an raba shi da na maƙwabta da allon jifsam, kafinta ya kafa mata kanta da fisha (robar da ake cusawa a ramin bango) da sukuru kamar yadda aka saba, amma bayan mako biyu kantar ta sunkuyo, kwalaben humra suka zubo suka farfashe. Tana tambaya ko fisha mafi girma za ta saya.

Malama, Allah ya mayar miki da alheri. Kada ki sayi babbar fisha, domin matsalar ba ta girma ba ce. Wannan robar, wadda Bajamushe Artur Fischer ya ƙirƙiro a 1958, aikinta shi ne ta buɗe idan sukuru ya shiga, ta matse jikin ramin, kuma hakan yana yiwuwa ne a bulo ko kankare. Allon jifsam kuwa abu ne kamar alli da aka matse tsakanin takardu biyu, kaurinsa yawanci milimita 12.5 ne, wani ma 9.5, bayansa kuma fili ne fayau. Idan kika duba inda kantar ta tsinke, za ki ga farin gari a ƙasa, ki ga fishar ta fito manne da sukurunta, ramin kuma ya ƙara faɗi.

Kafin ki sayi komai, a nemo ginshiƙan da allon yake kai, na katako ne ko na ƙarfe, waɗanda ake jerawa a tsaye da tazarar santimita 40 ko 60. Ƙwanƙwasa bango yana taimakawa, amma na fi yarda da maganadisu: a bi da shi a hankali a jikin bangon, duk inda ya maƙale akwai kan sukurun da aka ɗaure allon da shi, to ginshiƙi yana nan. Idan na katako ne, dogon sukuru da zai shiga cikinsa aƙalla santimita 3 ya fi kowace dabara da ake sayarwa. Na ƙarfe, wanda ya fi yawa a shaguna da ofisoshi, siriri ne, sukuru ɗaya ba ya samun abin kamawa sosai. Saboda haka, ga kaya masu nauyi irin naki, shawarata ita ce kafinta ya shimfiɗa katako mai kauri a kwance, ya ɗaure shi a ginshiƙi uku ko huɗu, sa'annan a kafa ƙarafan da ke tallafe kantar a jikin katakon.

Inda ba a dace da ginshiƙi ba, abin da za ki nema a wurin masu kayan gini shi ne wanda yake buɗewa a bayan allon. Akwai na ƙarfe da ke buɗewa kamar lema idan an ja shi da abin matse shi, kuma kyawunsa shi ne yana zama a bangon ko an kwance sukurun, sai dai dole tsawon wuyansa ya dace da kaurin allon. Akwai mai fukafukai biyu da sifirin, wanda ake naɗewa a tura cikin ramin ya buɗe a baya. Yana da riƙo sosai, amma a tuna a fara zura sukurun a ƙarfen kantar, domin idan aka kwance shi daga baya fukafukan cikin bango za su faɗa. Shi kuwa mai kama da dodon koɗi, wanda ake murɗawa kai tsaye ba tare da huda ba, a bar shi ga agogo da hoto.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ruɗar mutane da kilon da aka rubuta a jikin kwali. Wannan adadin yawanci na nauyin da ke rataye daf da bango ne, alhali kanta fizgo sukurun sama take yi waje. Idan faɗinta santimita 30 ne, ƙafar ƙarfen da ke jikin bango kuma 15, kika ɗora kilo 10 a bakinta, to jan da ke kan sukurorin sama kilo 20 ne. Don haka ki zaɓi kanta marar faɗi, da ƙarafa masu doguwar ƙafa, ki tura manyan kwalabe can jikin bango. Kada a huda daidai saman soket ko makunni ko gefensu, domin nan waya take bi, kuma idan allon ya taɓa jiƙewa da yoyon esi, a canja shi tukuna.

Wani ɗalibi a Ingila kuma ya ce ya huda bangon ɗakin da yake haya, bakin na'urar hudawar ya faɗa fili, sa'annan ya ci karo da bulo, yana tambayar abin da zai saya.

Malam, wannan allo ne da aka liƙa a jikin bulo da curin manne, aka bar ɗan sarari a tsakani, don haka mai fukafukai ba zai sami wurin buɗewa ba. Ka nemi doguwar fisha mai bututun ƙarfe a cikinta da ke ƙetare sararin ta shiga bulon, irin wadda ake kira Corefix, domin idan ka ɗaure doguwar fisha ta yau da kullum da ƙarfi, allon zai lotsa ciki. Tunda haya kake, ka karɓi izinin mai gida a rubuce kafin ka ƙara wani rami, don kada a zaftare maka kuɗin ajiya ranar tashi.