Tambaya da Amsa: Iyalin Soja a Gaban Ma'aikacin Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Damagaram, kuma da yawa daga cikin masu zuwa wurinmu matan sojoji ne da na jandarmomi da na ƴan gardi. Mace za ta zo da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ga babu, a ba ta magani ta tafi, bayan mako biyu ta dawo da kukan nan dai. Wata kuma ta kawo yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance amma ya koma yi. Babu soja a danginmu, ban kuma taɓa zama a bariki ba. Me ya kamata in sani game da aikin soja domin in taimake su?

Wata ma'aikaciyar jinya, Damagaram

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri. Abin da za ki fara riƙewa shi ne soja ba ya zaɓen inda zai yi aiki, ba ya zaɓen ranar tafiya, kuma sau da yawa ba shi da izinin gaya wa iyalinsa inda za shi ko ranar da zai dawo. Damagaram ita ce cibiyar yankin tsaro na uku, amma mutumin da iyalinsa ke zaune a Sabon Gari ko Birni yana iya kasancewa a bakin Tafkin Cadi, ko a arewacin Agadas, ko a jihar Tilaberi wadda ke kewaye da Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga nan. Tun daga watan Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, tafiyar soja ta daina zama canjin wurin aiki kawai a idon iyalinsa. Harin Inates na Disambar 2019 ya ci sojoji 71, na Cinagodar a Janairun 2020 ya ci 89. Matar soja ta san waɗannan sunaye, kuma duk lokacin da wayar maigidanta ta ƙi shiga, ko aka fara yawo da hotuna a WhatsApp kafin hukuma ta yi magana, can hankalinta ke tafiya.

Fargabar da ta ɗauki watanni ba ta tsayawa a zuciya, tana fitowa a jiki ta hanyar bugun ƙirji da ciwon kai da ciwon ciki da ƙauracewar barci. Saboda haka matar nan ba ƙarya take yi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma macen da kunya ta hana ta ambaton sunan mijinta ba za ta zauna a gabanki ta ce kewarsa ce ke cin ta ba, balle idan uwar mijin ce ta rako ta. Ki ci gaba da gwaje-gwajenki yadda kika saba, ki duba ƙarancin jini da hawan jini da juna biyu, domin matar soja ma tana kamuwa da cutar da kowa ke kamuwa da ita. Sai dai ki ƙara ƴan tambayoyi bayan kin sami dalilin keɓewa da ita: maigidan yana gari? Yaushe rabonta da jin muryarsa? A gidan wa take zaune, kuma ta hannun wa kuɗin cefane ke biyowa? Ta ƙarshen nan tana da nauyi, don mace da yawa takan koma gidan surukai idan miji ya tafi, albashin kuma ya riƙa biyowa ta hannun wansa ko mahaifinsa, sai rashin abin hannu ya haɗu da fargaba.

Game da yaro, ki fara tabbatar da cewa babu ciwon mafitsara ko tsargiya ko ciwon suga. Idan babu, ki gaya wa uwar kada a doke shi, kada a yi masa dariya a gaban ƴan'uwansa, kada kuma a yanka masa ranar dawowar uba alhali ba wanda ya san ta.

A ganina, inda ma'aikatan lafiya suka fi yin sake shi ne bayan dawowa, saboda kowa ya ɗauka magana ta ƙare tunda an yi barka da sauka. Mafi yawan sojoji sukan koma daidai bayan ƴan makonni na firgita da rashin barci, kuma bai dace a riƙa kallon kowane soja a matsayin marar lafiya ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamu uku na ciwon da mummunan tashin hankali ke bari: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa da shi, ya kuma zauna kullum cikin shiri kamar haɗari na bakin ƙofa. A gida ana ganin wannan a mutumin da ƙarar salansar babur ke zaburar da shi, wanda ya daina shiga cunkoson Kasuwar Dole, wanda kukan jariri ke tunzura shi. Idan hakan ya wuce wata guda yana hana shi zaman lafiya da iyali, a tura shi asibitin bariki ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ki kuma tambaya ko nakiya ta taɓa tashi kusa da shi, domin ƙarfin fashewa yana lalata ji, yana barin ciwon kai da mantuwa ko da babu rauni a fata. Wata matar tana kukan mijinta ya daina kula maganarta, alhali kunne ɗaya ne ya mutu.

Kada ki matsa masa ya ba da labarin fagen daga, kada ki tambaye shi ko ya kashe mutum. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 sun hana ba da magungunan kwantar da hankali irin su diazepam domin firgita ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali, saboda haka kada roƙon iyali ya sa a rubuta su. Ki tambaya a hankali ko yana shan tramol ko giya don ya samu barci. Idan iyali sun fara da rubutu da ruƙiyya, ba aikinki ba ne ki yi jayayya da su, ki ce a haɗa da na asibiti.

Abin da ke hana soja da matarsa buɗe baki shi ne tsoron kada magana ta kai kunnen manyansa ko matan bariki, a ce ya zama rago ko ya taɓu. Ki faɗa mata tun farko cewa sirrinta ba zai fita ɗakin ba, ki kuma faɗa mata iyakarsa: idan akwai duka, ko ya ambaci kashe kansa ko wani, musamman in akwai makami a gida, dole ki sanar da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ko likita a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin.

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce a Mirriya. Akwai wata mai ciki da mijinta ya rasu a bakin aiki, kuma dangin mijin sun hana ta zuwa awo wai tana takaba. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ta mai ciki kuma tana ƙarewa da haihuwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai takaba tana iya fita da rana domin buƙatarta, abin da aka wajabta mata shi ne ta kwana a ɗakinta, kuma awon ciki buƙata ce. Maganar za ta fi shiga idan limamin unguwarsu ne ya faɗa wa dangin, don haka ki nemi shi kafin ki koma gidan. Idan ta zo, ki auna hawan jininta, ki tambayi cin abincinta da barcinta, ki gaya mata ta taho ko da tsakar dare ne in ta ga jini ko kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani. Ki kuma tunatar da dangin su adana takardar aure da ta rasuwa, su yi wa jaririn takardar haihuwa a ofishin magajin gari da zarar an sauka, domin da waɗannan takardu ne ake neman haƙƙin mamacin a wurin hukumar soja.